Anti Duba-gari da Ƙuri'ar Bututu

Ƙarfe shida da rabi na safe Anti Duba-gari take fitowa daga gida, amma ba ta nufar titi kai tsaye. Sai ta bi ta bayan layinmu tana leƙa kwata, ta tsaya a famfon bakin makaranta ta tari ruwa a tafin hannu ta shinshina, sannan ta dawo ta tayar da tsohuwar motarta, wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje. Idan Talata ce, kafin ta dawo mata masu ciki uku ko huɗu sun jeru a bencin ƙofar gidanta, kowacce da katin awo a hannu. Shekara tara ke nan tana haka.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya daga makarantar koyon aikin lafiya, sai kwamitin unguwa ya ce ni da nake sakatarensa in rubuta mata jinjina. Na karɓa da rawar jiki. Da na zauna rubutun ne na ga ashe ban san matar nan ba, duk da shekara goma sha biyun da muka yi muna zama a tebur ɗaya.

Ta fara aiki ne a tagar ba da magani ta babban asibiti. Shekara goma sha huɗu tana nan, farar riga, fanka a kanta, har ana maganar ba ta shugabancin sashen. Rana ɗaya ta ajiye, ta nemi aikin duba-gari. Yayanta ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarta, wai bai taɓa ganin wanda ya bar inuwa ya koma leƙen masai da ƙafarsa ba. Mahaifiyarsu kuwa har ta rasu ta ɗauka korar ta aka yi take ɓoyewa.

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce wata mata ce ta zo tagarta sau uku cikin wata guda, maganin gudawa ɗaya, yarinya ɗaya. Ranar hutunta sai ta bi matar gida, ta ga inda suke ɗibar ruwa.

“Ƙanena, na gaji da ba mutum maganin abin da zai koma gida ya sake sha a kofi,” in ji ta.

Wannan na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne, bayan ta yi shekara goma sha ɗaya tana shan rana da zagi, daidai lokacin da mutane suka daina rufe ƙofa in sun hango ta, sai ta sake ajiyewa ta koma koyarwa. Mahaucin bakin kasuwa, wanda ta taɓa rufe wa rumfa kwana biyar saboda ƙuda, shi ya fi kowa jin haushi. Ya ce ta gama koya masa tsabta, ya sa raga ya yi fenti, sannan ta tafi ta bar shi ba mai yaba masa. Amsarta kawai ita ce ƙafa biyu ba sa zaga gari, gara ta koya wa wasu aikin.

A kwamiti muka haɗu da ita, kuma a nan ne abin da ya sa alƙalamina yake tsayawa ya faru.

Shekara goma da suka wuce hukuma ta ce unguwarmu ta zaɓi aiki ɗaya a yi mata. Biyu ne a gabanmu: a kawo na'urar hoton ciki ƙaramin asibitinmu, ko a canja tsohon bututun ruwan da ya ratsa ta cikin kwata, ya tsattsage yana zuƙar ƙazanta. Ni ina bayan na'ura, kusan kowa ma haka. Na'ura abu ce da ido zai gani, a ɗauki hoto a gabanta. Anti ta miƙe ta ce na'ura ba ta aiki ita kaɗai, tana son wuta da wanda ya iya ta, kuma ba mu da ko ɗaya. Ta ce asibiti ba daga ƙofar asibiti yake farawa ba. Ta ajiye kwalbar ruwan famfon layinmu a kan tebur ta ce duk mai son na'ura ya fara kurɓa. Ba wanda ya taɓa kwalbar. Aka kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, bututu ya ci. Ni na rubuta sakamakon da hannuna, raina a ɓace.

Bayan wata takwas matata tana da cikin fari. Tana zuwa awo ƙaramin asibiti, nas tana dubawa da hannu tana cewa lafiya. Hoto kuwa sai an je babban asibiti, mota biyu da layin yini guda, muka yi ta cewa sai mako mai zuwa. Wata Laraba da hantsi jini ya ɓalle mata tana shanya. Kafin mu isa ta suma sau biyu. Ita an ceto ta, yaron bai zo da rai ba. Likita ya ce mabiyiya ce ta sauko ta tare hanya, kuma da an yi hoto da an gani tun da wuri.

Kwana uku bayan an sallamo mu Anti ta zo. Na so a ce mata ba ma nan, kunya ta hana. Ta zauna a bakin gado, ta riƙe hannun matata. Da za ta tafi na raka ta ƙofa, na kasa haƙuri na tambaye ta ko har yanzu tana ganin daidai ta yi.

“Ban sani ba,” ta ce. “Da za a sake ƙuri'ar, bututun zan zaɓa. Amma ɗanka yana cikin abin da na zaɓa, ba zan ce ba ya ciki ba.”

Na so ta kare kanta in samu abin faɗa, ko ta ce ta yi kuskure in samu wanda zan ɗora wa. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Talatar da ta biyo baya ta nemi a mayar da darussanta na ranar zuwa yamma, ta fara kwasar masu ciki zuwa hoto a babban asibiti. Da sanayyar da take da ita a can, ba sa wuce azahar. Ba ta karɓar komai, sai dai faɗa idan mace ta manta katinta.

Nas ɗin ƙaramin asibiti ta gaya mini cewa a da, da damina, benci ba ya isar iyayen yara masu amai da gudawa, har a ƙasa ake shimfiɗa. Tun da aka canja bututu sai mako ya wuce ba ta rataya ledar ƙarin ruwa ba. Yaran da suka tsira ba su san sun tsira ba, iyayensu ma haka, shi ya sa ba wanda ya taɓa zuwa godiya. Ni kuma na san nawa da bai tsira ba. Na yi shekaru ina auna abin nan a raina, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Wani lokaci in ce laifinta ne, wani lokaci in tuna ni ne na yi ta cewa sai mako mai zuwa.

Da matata ta sake samun ciki, ba ta ko shawarce ni ba. Na tashi wata Talata na tarar da ita a bencin ƙofar gidan Anti. 'Yar da aka haifa yanzu tana aji biyu, kuma tsoron Anti kaɗai take ji idan aka zo maganar wanke hannu.

Makon jiya na je in ji abin da za ta yi bayan ritaya, ina zaton zan ji hutu da jikoki. Na same ta gaban madubi tana murɗa yatsu. Wai ta shiga ajin koyon maganar hannu, domin ta ga wata kurma a layin awo ana yi mata bayanin magani da ihu. Tana da shekara sittin. Yayan nata, da ya tsufa yanzu, ya girgiza kai ya ce shi ya daina tambaya.

Anti, ke ce ruwan da ba a yi wa godiya sai ranar da ya ɗauke. Ke ce kika kayar da ni a ƙuri'a, kuma ke kaɗai cikin mutum biyar kika tako gidana kika dubi idona. Ban gama fahimtarki ba, wataƙila ba zan gama ba. Ban ma san ko na yarda da ke ba. Amma na ga yadda kike ɗaukar nauyin abin da kika zaɓa, mai daɗin da marar daɗin, kuma ban ga haka a wurin mutane da yawa ba.

Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu karatu, in aka kira taron unguwa ku je, ku ɗaga hannu a kan abin da kuka gaskata. Idan zaɓinku ya taɓa wani, kada ku canja hanya in kun hango shi. Ku je gidansa ku zauna.