Yadda Inna Ta Koma Shiga Mota

Shekarar da na fara koyarwa a Tambuwal, motar da ta ɗauko Inna daga biki ta faɗi a hanyar Sakkwato. Ba wanda ya mutu, ita ma ƙujewa kawai ta yi a gwiwar hannu. Amma tun daga ranar, da ta kusanci mota sai jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya karyo mata, numfashi ya gagara. Shekara biyu ba ta shiga mota ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, abin na nan. Ƙanwarta ta kwanta ciwo a Kebbe, Inna sai dai aike.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani ma'aikacin lafiya da ya karanci ciwon firgici. A ƙafa muka je wurinsa ni da Inna. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Inna, ba iska ba ne, ba kuma hauka ba. Jikinki ne ya koyi tsoro, kuma tsoron nan kai tsaye za mu yi wa magani."

"To ba ni ƙwayar in sha, ɗan nan."

"Babu ƙwaya. Motar ce maganin."

Inna ta harare ni. "Wurin wanga yaro kika jawo ni cikin rana?"

Ya koya mata jan numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali kamar mai hura wa jariri kunu. Sannan ya ba mu aiki. Maƙwabcinmu yana da mota da yake ajiyewa a gindin darbejiya. Kullum bayan la'asar Inna ta tsaya kusa da ita, kada ta gusa sai tsoron ya sauka da kansa. Mako na biyu ta zauna ciki, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ina gefenta. Don ta daure sai ta kama hira, a nan na fara jin labarin kuruciyarta a Fakku: shanun kakanta, da saniyar da ta taɓa cinye mata kallabi. Ban taɓa samun Inna ni kaɗai haka ba.

Ranar da aka tayar da injin, ta fice a guje ta bar takalmanta. Na yi kuka, na ɗauka mun koma gidan jiya. Da na gaya wa ma'aikacin, ya ce, "Haka abin yake. Gobe ku koma zama kawai, jibi a sake tayarwa."

Daga nan sai zagaye unguwa, sai Dogon Daji ranar kasuwa. Bayan girbi muka shiga bas zuwa Kebbe, ta riƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami. Ƙanwarta ta fito tana dogara sanda, ta ce, "Yaya, ke ce?" Suka rungume juna a tsakar gida, aka rasa mai lallashin wani.

Inna ta rasu shekaru huɗu bayan haka. Ba ta taɓa son mota ba, amma ba ta ƙara fasa tafiya ba. A hanyarmu ta dawowa daga Kebbe ran nan, tun ba mu yi nisa ba na ji kanta ya yi nauyi a kafaɗata. Barci take. Ban motsa ba har tashar Tambuwal.