Tudun da Yaya Binta ta tona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Binta, Allah ya jiƙanta. Na so in yi mata addu'a in yi shiru, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Ilimin kufai Binta ta karanta. Mu 'yan cikin birni ne, gidan malamai, don haka ranar da ta ce za ta tona wani tudu can gaba da Ƙofar Kuyambana, dangi suka yi ta salati. Wasu suka ce zinariya take nema, wasu suka ce aljanu za ta tsokano mana. Rani uku ta yi a ramin nan, tana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magina. Ta fito da tsingaro, da dutsen niƙa, da murhu har da tokarsa. Wata rana na kai mata abinci, ta nuna mini bangon ramin.

"Sani, ka ga baƙin layin nan? Gobara ce. Garinsu ya ƙone, suka dawo suka sake gini a kai."

Makon jiya na koma wurin. Babu tudu. An yanka shi filaye, tifofi na kwashe jar ƙasar suna kaiwa ciko. Na tambayi mai kula da lodi ko ya san abin da yake ɗiba. Ya ce, "Alhaji, ƙasa ce mana. Tifa nawa kake so?"

Ban riƙe shi ba. Waɗanda na riƙe su ne manyan da ta kai wa rahotonta hannu da hannu, suka yaba, suka ɗauki hoto da ita, sannan suka sa hannu a takardun filayen. Na bi sawun kwalayen kayan tonon da ta damƙa musu. Suna jibge a wani sito mai yoyo, gara ta cinye takardun da ke nuna inda aka samo kowane abu. Kuma su ne dai ke riƙe lasifika a taro suna yi wa tarihin Zazzau kirari! Wane tarihin? Wanda ke ƙarƙashin siminti?

Me za ta ce da tana raye? Binta ba ta iya zagi ba. Na san dai da ta tsaya gaban tifa, da kuma mu danginta mun je mun janye ta don gudun abin kunya. Ni ma ai shiru na yi shekara goma sha ɗaya.

Ranar da na je wurin tudun, zan juya ke nan sai wani dattijo ya yi mini sallama. Malam Tanko ne, manomi, cikin leburorinta na da. Shi kaɗai ya ƙi sayar da gefen gonarsa. Ya kai ni rumbunsa, ya jawo buhu. Duk tsingaron da garma ta tono masa ya ƙulle shi a tsumma, da 'yar takarda da ajami: gabas da tsamiya, zurfin kamu ɗaya.

"Haka Malama ta koya mana," in ji shi. "Na tsufa, Alhaji. Wa zan kai wa?"