Majanyin Ɗan Fari

A gidan mijina, a wani ƙauye arewa da Mayahi, akwai 'yan itatuwan auduga a bayan rumbu. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, ita ke kula da su. Al'adar gidan ce, duk ɗan fari da aka haifa, da audugar nan ake kaɗa zare, a kai wa masaƙi ya saƙa majanyin da za a riƙa ɗaure shi a baya. Inna ta yi wa jikokinta na sauran ɗakuna. Da aka zo kan nawa, sanyi ya riga ya kama yatsunta, ko bakin zane sai an taya ta ƙullawa.

"A sayo na kasuwa," in ji ta. "Angon nan nawa ya makara, ya tarar amarya ta tsufa."

Yaron ya zo ƙarami ƙwarai, na kasuwar kuma santsi gare shi. Wata rana a bakin rijiya na sunkuya zan ja guga, sai na ji ya zame har ƙuguna. Na tare shi da hannu ɗaya, guga ta tafi da igiyarta. Mata suka yi ta dariyar guga. Ni ma na yi dariyar. Ɗan fari ne: ba na faɗin sunansa, ba na yi masa wasa gaban manya, balle a ga damuwarsa a fuskata. Daga ranar, kowane taku sai na kai hannu baya na taɓa shi.

Ana nan sai mijina ya dawo daga kasuwar Mayahi da labarin cewa tsohon masaƙin nan, wanda shi kaɗai ya rage, zai naɗe kayansa bayan kaka, idanunsa sun gaji. Gero kuwa ya fara fid da kai.

Na ɗauko taskirar Inna, ɗan kwandon da take ajiye kayan kaɗi. Akwai mazari a ciki, da audugar da ta shiɓe tun hannunta na aiki, da wani farin dunƙule kamar dutse, wanda na ture gefe. Ina yarinya na sha ganin kakata tana kaɗi a ƙauyenmu na wajen Tasawa, na ɗauka ido ya isa. Da rana tsaka, in gida ya yi shiru, sai in saki asabari in zauna a bayan gado. Mazarin ya suɓuce, zaren ya tsinke, in ƙulla, ya sake tsinkewa. Ɗakin zafi, hannuna sharkaf da zufa. In na ji motsi sai in tura komai ƙarƙashin gado, kada a ce yarinyar nan ba ta da kunya, tana rawar jiki a kan ɗan fari.

Ƙanwar mijina tana lise, wato sakandare, a Tasawa. Ta zo mana kwana biyu, da salularta da bakinta. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida ta ce, "Matar yaya, zo ki ga danginki. Su ma ba su shiga lakwal sun yi boko ba."

Na ce, "Ke dai da kika yi, me kika dafa mana da shi?"

Bidiyo ne da Faransanci, tana fassara mana. Wasu mutane ne a can bayan teku, a ƙasar Kolombiya, Kogi ake ce musu. Suna zaune a kan wani tsauni mai tsawon gaske, gindinsa a bakin teku, kansa fari fat da ƙanƙara. Ɗakunansu zagayayyu ne da jinka, kamar namu na da. Maza da mata duk fararen kaya, gashi har kafaɗa. Ta ce audugarsu suke nomawa, su kaɗa, maza su saƙa. Suna ɗaukar ƙasa kamar uwa, ba sa sarar itace ko taɓa ruwa da wasa, sai manyansu sun yarda. Kuma wai su ne yayye, sauran mutanen duniya duk ƙanne ne masu ɓarna.

"Har da ni?" in ji Inna. "Allah Ya shirye mu da su. Matso da abin nan in ga yayyen nawa."

Sai ga wani namiji zaune a ƙofar ɗaki yana juya mazari. Inna ta tafa hannu. "Namiji da mazari! Kai, amma dubi zaren, ko gargada babu."

Su suna ta dariya, ni kuwa wata mata nake kallo. Tana hawan dutse ba takalmi, jaririnta na cikin wata jaka a bayanta, igiyar jakar a goshinta, hannuwanta kuma suna saƙa wata jakar. Ko sau ɗaya ba ta kai hannu baya ba. Ta san abin da ke riƙe da shi, ita ta yi shi. A gefen mai mazarin kuma yara ne zaune suna bin yatsunsa da ido. Duk wanda aka nuno, aikinsa a fili yake yi.

Washegari bayan na gama daka, na fito da taskirar na zauna a gindin rumbu. Ƙanwar mijina ta fara hango ni.

"Inna! Fito ki ga 'yar tsauni! Saura farin zane."

Inna ta fito a hankali, ta tsaya a kaina. Ta ɗaga ɗan zaren da na yi, duk ƙulli ne.

"Wa ake yi wa wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"To, ji nan," ta ce da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. "Majanyin angona aikina ne. Hannu na rasa, na ari na wannan. Mai magana ya zo ya same ni." Ta zauna kusa da ni. "Ina allin?"

"Wane alli, Inna?"

"Farin dunƙulen da ke ciki. Kada ki ce kin cinye."

Ashe ƙashi ne aka ƙona aka daka, ana shafa shi a yatsu don mazari ya kamu, zufa kada ta ɓata zare. Ta ce kuma ba a kaɗi da tsakar rana, sai da safe, auduga na da sauran laushin raɓa. Ta dafa wuyan hannuna. "Saki. Ba kaza kika kama ba."

Haka muka yi ta yi kowace safiya har aka yanke gero, ita da baki ni da hannu, yaron yana kan cinyarta tana yi masa tsiya. Ranar kasuwa muka shiga mota tare. Masaƙin ya murza zaren a yatsunsa, ya kai shi dab da ido.

"Hajiya, hannunki ya canza."

"Sabon hannu na yi," in ji Inna.

Ya ce zaren da na fara kaɗawa sai dai ya sa shi a gefen majanyin, amma zai saƙu. Kasuwa ta zagayo mijina ya karɓo shi. Fari ne, mai kauri, gefe ɗaya duk gargada, ina gane kowane ƙulli da na yi a bayan gado. Inna ta ɗora mini yaron, na ja majanyin na ɗaure. Ya kama kamar an dafa shi da tafin hannu.

Na ɗauki guga na nufi rijiya. Sai da na cika tulu na kama hanyar gida na tuna ban taɓa bayana ba. Guryar da muka cire daga audugar bana kuwa tana cikin taskira, Inna ta ce in ruwa ya sauka ni zan shuka.