Shuɗiyar Butar da Ba a Gani a Layi Ba

Assalamu alaikum. Eh, ni ne, ban mutu ba. Masu cewa an kama ni saboda bakina, ku yi haƙuri, ba hukuma ce ta kwantar da ni ba. Zawo ne.

Na rubuta kalmar na goge, na sake rubutawa. Ga ta nan na bar ta.

In kun tuna, rubutuna na ƙarshe kan wata unguwar talakawa ne a Brazil, wadda na yi ta karance-karance a kanta. Gida kan gida a jikin tsauni, lungunan da mota ba ta shiga, ruwan kwata na gangarowa ta ƙofar mutane, marar lafiya sai dai a sauko da shi a kafaɗa. Na zagi gwamnatinsu, na haɗa da tamu, na ce mu tsaunin ne kawai ba mu da shi. Kuka yi ta yabona. Ashe ni za a ɗauko.

Gidan haya nake a Hayin Banki, ɗakuna a jere, bayan gida ɗaya. Da safe ba mutum ke bin layi ba, buta ce. Ka ajiye taka bayan ta wani ka koma ɗaki, kowa ya san butar kowa. Tawa shuɗiya ce mai ƙonannen baki. Hanyar bayan gidan kuma ta tsakar gida ta bi, daidai murhun Inna Hajara, wata Bakatsiniya mai tuyar waina. Matar nan babu irin faɗan da ba mu yi ba a kan zubar da ruwan wanke-wanke.

Da damina ne, masai ya cika ya malalo har wajen rijiya. Da hantsi cikina ya fara ƙugi. Zuwan farko ba wanda ya kula. Da abin ya yawaita na ga wata ta taɓa wata. Ina sake fitowa Inna Hajara ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "Malam mai karatu, yau butar nan ba ta huta ba."

Aka kwashe da dariya.

Na koma ɗaki na rantse ba za su sake ganina da buta ba.

Ku ji dabarar mai karatu: in babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita. Na daina shan ruwa. Ni da tun ina yaro nake jin labarin ruwan gishiri da sukari a rediyo.

Bai daina fita ba. Fari, kamar ruwan wankin shinkafa, cikin bokitin wankana. Amai ya biyo baya, ƙafafuna suka riƙa ɗaurewa, muryata ta dushe. Na sa sakata, wai kada a ji wari.

Washegari Inna Hajara ta duba layi ba ta ga shuɗiyar buta ba. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ita ta sa aka kira Yaya Sani daga tasha, shi ya ɓalle ƙofar.

Keke-napep ba ya shiga lungunmu. A tabarma aka ɗauke ni, wandona a ɓace, tun daga tsakar gida har bakin titi, kowa na ƙofarsa yana kallo. Ban suma ba. Rufe ido na yi don a zaci na suma.

A asibiti suka ce kwalara ce. Gadon masu ita da rami a tsakiya, da bokiti a ƙasa. Suka yi ta laluben jijiyoyi suka rasa, duk sun shige. Da aka samu, ledar ƙarin ruwa na ƙarewa ana rataya wata.

Zawon ya lafa, sai fitsari ya ƙi zuwa. Aka ɗebi jini, aka ce ƙoda ta taɓu, in bai zo ba sai wankin ƙoda. Nan tsoro ya shige ni sosai. Wayata ta tafi a kuɗin gwaji da magani, shi ya sa kuka ji ni tsit.

Likitar ta tambaye ni me ya hana ni shan ruwa. Na ce kunya. Ta ce, "Ba cutar ce ta so kashe ka ba, ƙishirwar ce."

Ranar da fitsarin ya zo, Yaya Sani ya ɗaga robar da ake tara shi yana hamdala kamar an yi masa haihuwa. Direba guda, mai 'ya'ya, yana hawaye a kan fitsarin ƙanensa.

Da na dawo gida na tarar da ɗakina a wanke, bokitin a kife, wandon nan a ninke kan katifa. Ban tambaya ba, na san wa ta yi. Na daɗe ina zagaye kafin na iya zuwa na durƙusa gaban murhunta. Bakin nan da kuka sani ya kasa haɗa kalma biyu.

Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Kashin da na wanke a duniya ya fi wainar da na toya. Ni ma bakina ne ya ja, ka yafe mini."

Ita ke neman gafarata.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya Sani, da mazan gidanmu da suka riƙe tabarma ba su toshe hanci ba, da ma'aikatan jinyar da suka riƙa kwashe bokiti. Inna Hajara, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma, in zawo ya kama ku kamar ruwa, ku sha, ku yi ta sha, da haɗin gishiri da sukari, ku nufi asibiti tun kuna iya takawa. Ku tafasa ruwan rijiya da damina. Kada ku sa sakata. Masu zaman tsakar gida, in kun ga mutum na zarya da buta, ruwa za ku miƙa masa.

Masai ɗinmu har yanzu ɗaya ne, rijiyar ma tana inda take, kuma zan dawo kan mai gidan da bakin da kuka sani. Har yau in zan wuce murhun nan kaina a ƙasa yake. Amma butata na layi kowace safiya.