Duwatsun Biu a Ƙofar Alhaji

Ko me zan manta a rayuwa, ban da yadda bakina ya tsayar da ginin maƙwabcina a unguwar Umarari, cikin Maiduguri.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma ina fama da ciwon da ke damun malamai da yawa: ba na iya ganin mutane a zaune ban ba su darasi ba. Maƙwabcin nawa, wani Alhaji mai fataucin wake, ya sa aka kawo masa tifa biyu na baƙaƙen duwatsu daga Biu don zuba harsashin gida. Mu da ko tsakuwa sai mun saya a Maiduguri, sai unguwa ta fito kallo.

Bayan la'asar a majalisa, ba wanda ya tambaye ni, na gyara murya. Na ce duwatsun nan narkakkiyar wuta ce da ƙasa ta amayar tun zamanin da. Ita ta tayar da tsaunukan Biu, ita ta bar musu ƙasar noma mai albarka, har tafkin Tila ma bakin dutsen ne ruwa ya cika. Da a nan na tsaya, da an rabu lafiya. Sai na ƙara da cewa masana na ganin irin waɗannan tsaunuka barci suke yi, wata rana suna iya farkawa.

Kafin azahar ta washegari, labari ya zaga cewa Alhaji ya sauke mana wuta mai barci. Wani tela ya taɓa dutse ɗaya da tsakar rana, a bazarar Maiduguri da ko ƙofa ba ta taɓuwa, ya ji zafi, ya rantse wutar ta fara motsi. Mata suka shiga zuba wa duwatsun ruwa kullum da safe.

Bulama, mai unguwarmu, ya tara mu. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe: wutar tana can ƙarƙashin tsauni, wannan kuwa dutse ne kawai, ya huce tun kafin kakannin kakanninmu.

Bulama ya ce, "Malam, rage boko. Za ka rantse tsaunin ba zai sake amai ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan."

Ya ce, "To, magana ta ƙare."

Washegari aka kwashe duwatsun. Alhaji bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da muka yi shekara goma muna cin tuwo a kwano ɗaya, sai ya koma amsa sallamata kawai. Har ya tashi zuwa unguwar Jiddari Polo bai sake zama kusa da ni ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma na koyi cewa gaskiyar da aka faɗa don burga, a inda ba a nema ba, tana iya yin ɓarnar da ƙarya ba ta yi.