Tuwon Salla daga Tsallaken Iyaka

A unguwar Xiaobei ta ƙasar Sin, inda nake kama ɗaki idan na zo sarin kaya, Salla ba ta zuwa rana ɗaya. 'Yan Najeriya suna jiran sanarwar gida a waya, 'yan Nijar suna jiran tasu, masallacin Sinawa kuma yana da nasa lissafin. Duk shekara sai an yi musu a kan wata, ni kuwa da an fara sai Inna Dije ta faɗo mini a rai.

Inna Dije kakata ce, mahaifiyar babanmu. Ƙauyenmu yana arewacin Katsina, kana wuce gonar gero ta ƙarshe ka shiga Nijar. Bayan an ci tuwo takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta turbuɗa gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. "Ga ta nan tahe," in ji ta, "mai gyangyaɗi babu gyaɗa tai."

Akwai tatsuniya ɗaya da take maimaitawa har muka haddace. Wai wasu baƙi ne suka daɗe suna mulkin wani gari, da za su tafi suka ja layi da sanda a tsakiyarsa, suka ba sarakuna biyu. Sarakunan suka raba kasuwa, suka raba tafki, har rassan tsamiya sai da aka raba. Da aka zo kan wata abin ya gagara, sai kowa ya naɗa mai duba masa nasa. A garin akwai ya da ƙanwa, layin ya bi tsakanin gidajensu. Wata shekara ɓangaren ƙanwar suka riga ganin wata, ta tuƙa tuwon Salla ta aika wa yayarta mai azumi. Yayar ta sa hannu biyu ta karɓa, ta rufe da faifai, da rana ta faɗi ta sha ruwa da shi. Iyakarta ke nan.

Mu dai ba mu ga daɗinta ba. Babu kura, babu dodo, babu wanda aka cinye. Na taɓa ce mata, "Inna, wannan ai cin tuwo ne kawai." Ta ce, "Ke dai ci gyaɗarki."

Sai bayan rasuwarta babanmu ya ba ni labari. Ashe Inna tana da ƙanwa, Hajo, tana aure a ƙauyen da ke tsallake. Zamanin Turawa iyakar tana nan, amma mutanenmu ba su ɗauke ta da nauyi ba. Da aka sami 'yancin kai, kowace ƙasa ta yi tutarta da rediyonta da masu sanar da ganin watanta. Wata shekara da Nijar ta riga mu ganin wata, Hajo ta aiko 'yarta da akushin tuwo. Inna ta ce wa yarinyar, "Maida mata, ki ce mu nan azumi mukai, ba mu bin watan Faransa." Yarinyar ta koma da akushi a ka, ta ratsa ƙauyensu kowa yana gani. Hajo ba ta sake aiko kowa ba, Inna ba ta je ba, kowace tana jiran 'yar'uwarta ta fara. Kafin babbar Salla Hajo ta rasu wajen haihuwa.

Bara, ranar talatin ga azumi, na dawo daga kasuwar Shisanhang da rana tsaka, ga zafi ga ƙishirwa. Ina ajiye buhun riguna maƙwabciyata Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta sha kwalliya, da kula a hannu.

"Barka da Salla, Hajiya. Mu mun ga wata, ga ɗan tuwo."

Har na buɗe baki zan ce mu azumi muke, sai na fasa, na sa hannu biyu na karɓa. Ta dubi bakina da ya bushe ta ce, "Au, ku ba ku sauke ba ko? In tahi da shi sai gobe?"

Na ce, "A'a, bar mini abina."

Na zauna ina kallon kular, tausayin Inna ya kama ni. Duk shekarun nan na ɗauka darasi take koya mana. Ashe ranar nan take komawa, tana karɓar akushin Hajo a inda kawai za ta iya karɓarsa, a cikin tatsuniya.

Da magariba ta yi tuwon ya huce, miyar ta daskare. Da shi na sha ruwa, kuma ban rage ko loma ba.