Gaisuwar da Na Cusa Mata a Baki

Ni fa da bakina na ci abinci duk rayuwata. Shekara da shekaru ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin tabarmar roba a Sharaɗa, kuma ba a yi mai gadin da ya zo tashina ban zaunar da shi da magana ba. Sai Allah ya ba ni 'ya ɗaya tak, wadda gaisuwa ke yi wa wuya.

Ba bebiya ba ce. Ta haura talatin, a kamfanin take aiki, daga ƙarar inji take gane zai lalace tun injiniya bai sani ba. Amma ba ta kallon idon mutum. In aka ce mata "ya gida?" sai ta ce "yana nan." Mata suka ce girman kai ne. Na kai ta wurin malamai, na kai ta asibiti, likita ya faɗi wani suna da Turanci, ya ce haka aka halicce ta.

Ƙawarta ɗaya ce a duniya, wata 'yar Kudancin Kaduna da ke ɓangaren ɗinki. Ita kuwa famfo ce. Za ta fara labarin cocinsu, ta faɗa kan akuyar maƙwabta, ta koma ciwon haƙori, sannan ta dafe kai: "Mama, me ma nake cewa?" Sai 'yata, idonta cikin kwano, ta ce, "Kin tsaya inda akuya ta shiga kicin." A bencina suke cin abincin rana. 'Yata ce ke biya mata ta kira ta su fito, don in ba haka ba ƙawar mantawa take yi.

Da mahaifin ƙawar ya rasu, ta dawo daga garinsu, mutane suka riƙa zuwa ɗakinta a Na'ibawa. Na ce ba za a ce 'yar da na haifa ba ta iya ta'aziyya ba. Kwana uku ina koya mata. Ki kalli idonta. Ki ce ya haƙuri, ki ce Allah ya ba da dangana, ki tashi. Kada ki ƙara komai.

Na raka ta, na tsaya bakin ƙofa. Ƙawar ta riƙo hannunta ta fara ba ta labarin ranar ƙarshe ta mahaifinta, sai zaren ya ɓace mata kamar kullum, ta tsaya tana jira a tuna mata inda take. 'Yata ta zuba mata ido, ta karanto, "Ya haƙuri. Allah ya ba da dangana," ta miƙe.

Ƙawar ta saki hannun. "Har ke ma?"

A hanya 'yata ta ce, "Inna, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba ta sona kuma." Daga ranar ta daina zuwa benci, ta daina biya mata. Na yi bayani har yawuna ya kafe, ba ta motsa ba.

Na koma Na'ibawa na durƙusa wa ƙawar, ni da ban taɓa durƙusa wa sa'ar 'yata ba. "Haba Mama, ku tashi! Gobe zan zo." Da gaske take, na gani a fuskarta. Amma wa zai tuna mata? Gobe ta wuce, sati uku suka wuce. Ga gwiwoyina sun fara ƙin ɗaukata. Ran da aka rufe ni, da wa yarinyar nan za ta yi magana?

Jiya na bar tukunya a wuta, na tare ƙawar a ƙofar kamfani, na damƙi hannunta, na jawo 'yata, na zaunar da su, na kama bakina. Ƙawar ta yi zancen ruwan sama, ta yi na ɗan adaidaita, ta tsaya. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

Can 'yata ta ce wa kwanonta, "Kin tsaya inda babanki ya ce a buɗe taga."

Ƙawar ta fashe da kuka. Kafin ta ƙarasa, jiniyar komawa aiki ta buga.

Yau na zuba kwano biyu. 'Yata ta zo ta zauna a gefen benci, ta bar wuri. Na ce ta je ta biya mata, ta ce a'a. Shinkafar tana hucewa, idona yana kan ƙofar kamfani.